Akushin da Ya Riƙa Dawowa Cike

Har yau in na ga tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku sai raina ya ɓaci, alhali tukunya ba ta yi mini komai ba. Mutane ne suka yi mini, kuma duk nawa ne: mijina, goggona, da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ni ma ina da nawa kason laifin, amma kaɗan ne, kada wanda ya ce mini ba haka ba.

Abin ya faru a shekarun farko da Nasara suka zauna Sakkwato, lokacin da in an ce ga Bature can tafe mata ke kwashe 'ya'yansu su shige ɗaki. Shekarata biyu ke nan a gidan miji. Ni ce ɗiyar fari wurin Baba, kuma wanda bai san abin da wannan ke nufi a gidanmu ba, bari in gaya masa. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya ce mini ci kanki ba. In yana son ruwa ina tsaye a gabansa, sai ya dubi bango ya ce a gaya wa waccan ta kawo ruwa. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ya taras ana yi. Innata ta rasu ina ƙarama, ƙanwarsa ce ta rene ni. Ita nake kira Goggo, kuma ita ta ci gaba da riƙe masa gida a Ƙofar Taramniya bayan an kai ni ɗakina.

Baba baduku ne, gafakar littattafai yake ɗinki a zaurensa. Yana azumin Litinin da Alhamis, kuma tun makon da na tare na ɗora wa kaina yi masa tuwon buɗa-baki a waɗannan ranaku. Akwai wani baƙin akushi na innata, a ciki nake kwashe tuwon, in zuba miya a gefe, in ɗiga man shanu, in rufe da faifai. Da yake ina cikin kulle, wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai tallan daddawa ce ke kai mini, don hanyarta ke nan kullum da la'asar. Washegari ta biyo ta karɓo mini akushina.

In akushi ya dawo sai in zauna in dube shi da kyau, domin duk hirar da ke tsakanina da ubana ke nan. In tuwo ya yi gudaji, zan tarar ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya jera a bakin akushi, tsabar neman magana. In gishiri ya zarce, ya ci tuwo ya bar mini miyata. In kuwa abinci ya yi masa daɗi, zan ga akushi tas, sai loma ɗaya da ya rage mini a tsakiya don albarka, da ɓarin goro a kan faifai. Wallahi ranar da na ga ɓarin goron nan, wuni nake ina waƙa a bakin turmi.

To, ana nan lafiya lau sai mai gidana ya jawo mana. Mutumin kirki ne, ba duka ba zagi, amma bakinsa ba shi da linzami. Sana'arsa kaji da ƙwai. Da Nasara suka zo aka gane ba abin da suke so kamar ƙwai, sai ya koma kai wa masu dafa musu abinci a bariki. Wata rana da hantsi na ji yana nishi a zaure, sai ga shi ya shigo da wata baƙar tukunyar ƙarfe a ka, yana washe baki kamar an ba shi sarauta. Wai kukun wani Bature ne ya ba shi kyauta, don kunnenta ɗaya ya karye. Ya dire ta a tsakar gida yana buga mata yatsa, wai in ji ƙara. Ya ce wannan ba ta fashewa, jikokinmu ma sai sun ci tuwonta.

Na ce masa jikokinsa dai, ban da nawa. Wa ya san abin da aka dafa a ciki? Ana ta cewa mutanen nan alade suke ci, kuma har giya suke zubawa a miya. Ban da haka ma, ni da tukunyata ta ƙasa mun san juna, na san lokacin da za ta tafasa tun daga ƙarar da take yi. Na sa ƙafa na tura tasa bayan rumbu, na cika ta da ruwa, kajinsa suka samu wurin sha. Allah shi ne shaidata, ko ruwan zafi ban taɓa ɗorawa a cikinta ba.

Ashe bawan Allah ya fita ya cika gari. A kasuwa, a bakin masallaci, duk inda mutum uku suka tsaya, sai ya ba su labari wai gidansa yanzu da ƙarfe ake tuwo, kafin ka gama alwalla an kwashe. Ni da ke tuƙi ina zufa ban san ina da wannan gatan ba.

Bayan kamar kwana goma, ranar wata Talata, tsohuwa ta shigo da akushi tana riƙe da shi da hannu biyu. Tun daga riƙon na san da nauyi. Na ɗaga faifai na ga tuwona yadda na kwashe shi, ga shatin mara nan a kai, man shanu ya daskare a gefe. Ba a taɓa ba, ko ɗan yatsa ba a sa ba. A garinmu ka mayar wa mutum da abincinsa haka, ai gara ka zage shi a bainar jama'a.

Na tambayi tsohuwa ko lafiya. Ta ce ita dai ta gaida Goggo, Goggo ta ce lafiya lau, ta miƙo mata akushi. Sai ta gyara zama, ta rage murya ta ce, “Ɗiyata, ba ki ji abin da aka faɗi cikin gari ba? An ce da tukunyar Nasara kike tuwo. Mutum irin babanki, mai ɗinka rigar Alƙur'ani, shi ci wannan?”

Nan take na yarda. Me zai hana in yarda? Komai ya yi daidai. Da mai gidana ya dawo na tare shi tun daga bakin ƙofa, na faɗa masa maganganun da mace mai tarbiyya ba ta faɗa wa miji. Ya ce shi wasa yake yi da mutane. Wasa! Na ce to ya tafi ya gaya wa Baba wasa ne. Ya zaro ido ya ce shi ya tunkari surukinsa da zancen tukunya? Mutumin da in ya hango Baba a hanya sai ya tuɓe takalmi ya faɗa lungu. Daga nan ya tambaye ni ko tuwon da ya dawo akwai mai shi. Na ɗumama masa, ya zauna ya share shi tas, har yana cewa miyar ta kwana ta fi daɗi. Da na sami muciya kusa a ranar, ban san abin da zai faru ba.

Ni kuma ba ni da bakin da zan aika wa Baba. Me zan ce? Ɗiyar fari ba ta aika wa ubanta da bayani. Ga shi ina da ciki wata biyar, na fari, shi ma abin da ba a magana a kansa ne, kowa ya gani ya kau da kai. Sai na ce bari in amsa masa ta inda muka saba.

Ranar Alhamis na yi tuwon shinkafa, shinkafar fadama da dangin mai gidana suka aiko mana daga Wamakko. Na yi miyar sure, wadda Kanawa ke ce wa yakuwa, da busasshen kifi da na zauna na cire wa ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Na bar tuwon ya ɗan kama a gindin tukunya da gangan, na ɗora ɓawon a sama, don duk wanda ya san tuwo ya san ƙanzon tukunyar ƙasa in ya gani. Ya dawo yadda ya tafi, har da ƙanzon. Litinin na yi tuwon maiwa da miyar kuka, wadda ya fi so duk duniya. Ya dawo. Na yi dambu da rama, ya dawo. Mai gidana kuwa har ya fara yin kumatu.

Tsohuwa kullum da sabon labari. Ta ce ai yanzu Baba ko zaure ba ya zama, an rufe ƙofar, kunyar abin da ɗiyarsa ta yi ta hana shi haɗa ido da mutane. Ta ce wani malami a unguwarsu ya ce a wanke tukunyar sau bakwai. Na jawo ta daga bayan rumbu, tukunyar da ban taɓa girki da ita ba, na durƙusa da cikina ina dirzar ta da toka da yashi har hannuna ya yi kanta. Na ce wa tsohuwa ta tabbata ta faɗa a gidanmu da ƙarfi yadda na ciki zai ji. Akushi ya dawo cike.

Sai ta ce ai wanki ba ya isa, sai tukunya ta bar gidan. Na sa mai gidana a gaba, na ce ko ita ko ni. Ya ɗauke ta a ka, yana tafe yana gunaguni, har Wamakko, ya kai wa yayansa, aka ce can jakuna ke shan ruwa a ciki. Akushi ya dawo cike. Ta ce wataƙila duwatsun murhu ne, tunda an ce an ɗora ta a kai. Ba a ɗora ba, na faɗa mata ya fi sau goma ba a ɗora ba, amma haka na tumɓuke murhuna na zubar, na sa aka nemo mini sababbin duwatsu. Na canja muciya, na canja mara. Da za a iya canja hannu da na canja.

Wata guda da rabi ana wannan. Na rame, ba na cin abinci, in na zauna tuƙi hawaye na ɗiga a wuta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba shi da wani ɗa sai ni, ni ma ba ni da wani uba sai shi, kuma ɗan abin nan guda da ya haɗa mu ya yanke a kan ƙaryar da ba ni na yi ba. Tun ina kuka har kukan ya koma fushi. Na ce wane irin tsoho ne wannan mai taurin kai, da zai yarda da zancen kasuwa bai yarda da ɗiyar da ya haifa ba?

Ranar da akushi ya dawo karo na goma sha biyu, na ce ya isa. Bazara ce, rana ta take, ƙasa na ƙona ƙafa. Ban jira magariba ba kamar yadda matan aure ke yi, ban kuma nemi izinin kowa ba. Na ɗauki sabuwar tukunyar ƙasa, na zuba garin dawa da kuka da daddawa a ciki, na ɗora akushi a sama, na aza a ka. Na sa tsohuwa ta ɗauko mini itace. Na ce yau a tsakar gidansa zan yi tuwon nan, yana ji yana gani, in ya so ya ce ƙasar ma ta Nasara ce. Maza na zaune a inuwa suna kallon mace da ciki tana ratsa gari da rana tsaka, ko a jikina.

Zauren Baba a rufe yake, kamar yadda aka faɗa. Na tura na shiga. Fatunsa na nan a jingine sun yi ƙura. Goggo na zaune a gindin bango tana tsince gero, da ta gan ni ta miƙe tsaye.

“Ke, mi kinka zo yi da rana haka?”

Na sauke kaya na fara masifa. Ban gaishe ta ba ma, Allah ya yafe mini. Na ɗaga murya yadda ɗakin Baba zai ji, ina fuskantar Goggo, tunda shi ba a yi masa magana. Na ce ban taɓa girki da ita ba, kaji ke shan ruwa a ciki, na wanke, na kai ta Wamakko, na rushe murhu, me kuma ake so in yi? Goggo ta tsaya tana kallona har na kai aya. Sannan ta ce:

“Wace tukunya?”

Na waiga in ce tsohuwa ta maimaita abin da ta faɗa mini. Itace na nan a ƙasa, tsohuwa ta sulale.

Goggo ta kama hannuna ta ja ni bayan ɗakin girki, ta zaunar da ni a kan turmi. A nan ta gaya mini. Ba wanda ya taɓa kawo zancen wata tukunya gidan nan. Abin da tsohuwa ke zuwa tana ta faɗa na wanki da Wamakko, Goggo ta ɗauka ruɗin tsufa ne. Baba ba shi da lafiya. Wani abu ne ya tsaya masa a maƙogwaro tun farkon zafi, tuwo ba ya wucewa, fura ma sai an tsinka ta da ruwa sosai. An yi rubutu an sha, an yi saiwoyi, wanzami ya duba, abu sai gaba yake. Azumin ma ya daina, don kullum kamar azumin yake.

Na ce to me ya hana a gaya mini? Ta ce shi ya hana, ya ce mace a halin da nake ciki ba a kai mata labarin tashin hankali. Ashe ya san da cikin. Na ce to in haka ne, me ya sa ba ta juye tuwon ta ba maƙwabta, ta aiko mini da akushi wankakke ba, in zauna lafiya? Ta ce tun ranar farko ta yi niyya, har ta ɗauko ƙwarya, ya tsayar da ita.

“Cewa ya yi, in akushi ya koma wanke, ya ce maki ya ci ke nan. Shi kuwa bai taɓa yi maki ƙarya ba.”

To ku ji fa. Ba za a yi mini ƙarya ba, ba kuma za a faɗa mini gaskiya ba. An bar ni da tsohuwa mai daddawa ta yi mini fassara. Shi yana can yana jira in gane, ni ina can ina dirzar ƙarfe. Wata guda da rabi ina aika wa mutumin da ko ruwa da ƙyar yake haɗiya tuwo mai ƙanzo. Na rasa wanda zan fara zagi, sai na sa kaina a cinyar Goggo na yi kuka mai isata.

Da na share ido na leƙa ta asabarin ƙofarsa. Yana kwance a kan buzu, ya ba ƙofa baya. Wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Na san ya ji duk haukan da na yi, amma bai motsa ba, ni ma ban shiga ba.

Na ajiye zancen tuwo. Na karɓi geron hannun Goggo na surfa, na wanke, na daka shi lilis. Na jiƙa tsamiya. Na tace gasarar da tsumma mai tsabta har sau uku, don kada ko ƙwayar tsaki ta wuce. Na dama kunu tsararo, na yi ta fifita shi da ludayi har ya huce, na zuba a baƙin akushin nan na rufe da faifai. Goggo ta shiga da shi, ni na tsaya a jikin bango. Ina jin ƙarar ludayi, sai shiru mai tsawo, sai tari, sai kuma ludayi. Kowace kurɓa sai da na ji ta a nawa wuyan.

An daɗe, sannan na ji muryarsa, ta dushe ƙwarai. Da Goggo yake, kamar kullum.

“Ki ce ma mai kunun ga, tsamiya ta yi yawa.”

Ka ji mutum. Yana bakin kabari, na ratso gari da ciki, abin da ya samu ya faɗa ke nan. Kuma gaskiyarsa, ta yi yawa. Goggo ta fito da akushi. Ya shanye, sai 'yar kurɓa ɗaya da ya rage a gindi. Na ɗaga na shanye ta a tsaye.

Ban koma ɗakina ba. Da yamma mai gidana ya zo nemana, ya tsaya can waje, aka gaya masa. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne ai dama ya ce tukunyar ba ta da laifi, ko ya je ya ɗauko ta? Na aika masa da amsar da ba zan rubuta a nan ba. Amma in ba shi haƙƙinsa, washegari ya yanka kazar da ta fi kowace ƙiba cikin waɗanda zai kai bariki, ya aiko a yi romo, kuma haka ya riƙa yi har ƙarshe.

Kwana goma sha tara na yi ina dama kunu da tace romo. Kullum abin da yake sha raguwa yake, kullum kuma sai ya sami abin da zai ce a gaya wa mai kunu: yau ya yi kauri, yau ya huce da yawa, yau citta ta fito. A kwanakin nan ya yi mini magana fiye da duk wadda ya yi tun haihuwata, ko da yake ta bakin Goggo ce kuma duk ƙorafi ne. Ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, bai kira sunana ba.

Bayan sadakar bakwai ina haɗa kayana, Goggo ta miƙo mini wata ƙaramar jakar fata, ɗinkinsa, ta ce a ƙarƙashin buzunsa take. Na kwance bakin na zazzage a tafin hannu. Ɓarin goro ne, sun bushe sun yi baƙi. Ta ce duk ranar da akushina ya iso sai ya sa a ɗaga masa faifai, ya duba, ya shinshina, ya ce wannan ya yi. Sai ya ɓare goro kamar yadda ya saba, ya riƙe ɓarin a hannu, ya rasa yadda zai ɗora shi a kan abincin da bai ci ba. Daga nan ya jefa a jaka.

Goma sha biyu ne cif. Da ya ɗora mini ko guda ɗaya a kan faifan nan, da na taho tun makon farko. Na faɗa wa Goggo haka, da faɗa, kamar ita ta yi. Sannan na zauna a bakin ƙofar ɗakinsa na jefa ɗaya a baki. Ya yi tauri kamar itace, ba sauran ɗanɗano sai ɗaci, na dai yi ta taunawa har ya ƙare.